Sista Rifkatu da Telan da Ya Mayar da Yadi

Kafin Kubura mai shara ta gama da barandar asibitin, Sista Rifkatu Yona ta riga ta sauka daga napep ɗin da ke ɗauko ta daga unguwar Maitumbi. Fararen kayanta a goge, jaka a kafaɗa, a hannu kuma 'yar kular dafaffiyar doya wadda sau da yawa sai la'asar take tunawa da ita. Ɗakinta ne na ƙarshe, bayan inda ake awon masu juna biyu, kuma a nan ake ganin masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mutanen unguwa ba sa kiran ɗakin da sunansa, sai dai su ce "can ƙurya", su rage murya. Ita kuwa da ta iso sai ta buɗe tagogi duka, ta fito ta bi benci tana gaisawa da mutane, kowa da sunansa. Ta tambayi wannan ya gona, ta tambayi waccan ko an yaye yarinya. Sai ta gama zagayen nan tukuna take ɗaukar kati.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Shekaru sun kai, gwiwa ma ta fara ƙorafi. Da wuya a yi wani babban taro. In an yi ƙoƙari a raba lemo da cincin a baranda, a ɗauki hoto, kowa ya koma bakin aikinsa. To, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da wannan baiwar Allah ta yi tun tana ji da kunnenta, a faɗe shi kuma yadda waɗanda suka gani da idonsu suka ba da labari.

'Yar Garatu ce, daga gidan manoman doya, Kiristoci tun kakanni. Ta fara aikin jinya a ɗakin haihuwa, ta daɗe a can, sannan aka tura ta ƙarin karatu a kan masu taɓin hankali. Ranar da ta dawo, wasu abokan aikinta jaje suka yi mata maimakon barka. Wata ma ta ba ta shawara ta riƙa zama kusa da ƙofa saboda gudu. Ta yi dariya, ta ja kujerarta ta shiga.

Abin da ta tarar kun san shi, don kusan kowace unguwa a garin nan ta taɓa gani. Dangi ke kawo mara lafiya, dangi ke yin bayani, dangi ke karɓar magani. Shi mai ciwon yana zaune kai a ƙasa, ana maganarsa kamar ba ya ɗakin. In an daɗe ana zuwa ma sai a daina tahowa da shi. Uwa ko yaya ya kawo kati, ya ce "yana nan da sauƙi", a ba shi ƙwayoyi ya tafi. A gida a daka su a zuba a kunu, a miƙa masa ba tare da an faɗa masa ba. Ba mugunta ke sa haka ba, tsoro ne da gajiya. Su ma ma'aikata hakan ya fi musu sauƙi, tunda layi dogo ne, kuma ɗan rakiya ya fi saurin bayani.

Wata shekara aka kira su bita, ita da Dokta Josiah, likitan da ke zuwa ɗakin nasu ranar Laraba. Abin da aka koya musu ba shi da tsawo. Mai irin wannan ciwo, ko da mai tsanani ne, in ya lafa, shi ya fi cancanta ya riƙe kula da kansa. Ya san ciwonsa, ya san abin da maganinsa ke yi masa. Ya gane alamun da ke riga ciwon zuwa, ya zaɓi mutumin da zai faɗa wa in ya gan su, ya kuma san inda zai nufa. Ma'aikaci yana gefe yana tallafa masa, amma ba ya ɗauke masa abin da zai iya da kansa. An yi tafi a wurin bita, an ci shinkafa, an watse. Su biyun nan dai suka ce bari su gwada. Ba a ƙara musu ɗaki ba, ba a ƙara musu ma'aikaci ba. Sista ta fara da abu ɗaya: daga ranar, duk wanda zai iya takowa da ƙafarsa sai ya zo da kansa, kuma shi za a fara tambaya. Gunagunin da dangi suka yi, Kubura ta ce har bakin titi ana ji.

Cikin masu gunagunin akwai Malam Ladan, mai sayar da fenti a unguwar Sauka Kahuta. Ƙaninsa Muttaka ne mara lafiyar. Tela ne, jikan wani bawan Allah da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna ya zauna, kuma duk wanda ya taɓa sa kaftaninsa ya san yana da hannu. Ciwonsa irin mai ɗaga mutum ne. Barci ya ɗauke, magana ta ƙi tsayawa, ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. In ya sauka kuma sai ya yi watanni ko ƙofar ɗaki ba ya son leƙawa. Kusan kullum dab da ƙaramar Sallah ko bayanta yake tashi, har dangi suka yanke cewa shaiɗanun da ake sakowa bayan azumi ne ke faɗa masa. Tashin da ya yi na ƙarshe shi ya fi muni. Ya sa almakashi ya yayyanka shaddojin mutane ba awo, ya kwaso ya fito titi yana raba wa masu wucewa. Ladan ne ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Da ya gama sai ya tara 'yan gida ya faɗa musu a fili: in abin ya sake faruwa, zai sayar da keken ɗinkin, ya saki shagon, ya kai Muttaka ƙauye wurin mai maganin da ke sa wa mutane mari a ƙafa. Kuma Ladan mutum ne da in ya faɗi abu yana aikatawa.

Ranar da ya zo da kati shi kaɗai, Sista ta gaishe shi da kyau, sannan ta ce, "Malam Ladan, ina mai katin?"

"Yana gida, Sista. Yana nan da sauƙi."

"Madalla. Tunda da sauƙi ai zai iya zuwa."

"Ni nake karɓar masa kullum, kin sani."

"Na sani, Allah ya saka maka. Amma ba kai ke sha ba."

Ya tafi ransa a ɓace. Da Laraba ta zagayo sai ga su tare. Muttaka ya zauna a bakin kujera, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Sista ta ce, "Malam Muttaka, ya jiki?" Ladan ya ce da sauƙi. Ta ce, "Kana samun barci?" Ladan ya ce yana samu. Sai ta juyo ta ce, "Malam Ladan, naka lokacin na zuwa, zan tambaye ka har ka gaji. Yanzu bari in ji muryar tela."

Shiru ya yi tsawo. Ba ta cike shi da komai ba, ta bar shi. Can Muttaka ya zaro hannayensa ya ɗaga su a gabanta. Rawa suke yi.

"Kin gani? Zare ba ya shiga allura. Shi ya sa nake zubar da kunun."

Ladan ya waigo. "Wane kunu?"

"Wanda kuke sa min magani a ciki, Yaya. Kunun Sakinatu ba ya ɗaci. Na daɗe da sani."

Sakinatu ita ce matarsa, kuma ita Ladan ya ɗora wa aikin daka ƙwayar. Ashe watanni ke nan Muttaka yana shan rabi yana zubar da rabi a bayan ɗaki. Ba lafiya ya ƙi ba, so yake hannunsa ya tsaya ya iya aiki. Ba wanda ya sani, domin ba wanda ya tambaye shi. Sista ta shiga da shi wurin Dokta Josiah, ya maimaita da bakinsa. Likita ya daidaita maganin, ya yi masa bayanin aikin kowace ƙwaya da abin da zai iya ji a jikinsa. Da za su tafi, Ladan ya miƙa hannu zai karɓi ledar kamar kullum. Sista ta riƙe ta, ta dubi Muttaka. Shi ya karɓa, ya sa a aljihun gaba.

Bayan nan aka shiga abin da ya fi cin lokaci. Duk zuwan da zai yi sai ta zauna da shi, su koma baya su duba abin da ke faruwa kafin ciwon ya tashi. Ba ta taɓa ce masa ya bar addu'a ba, nata dai a haɗa da magani. Wata rana ta ce, "Kun ce dab da Sallah yake zuwa. To me kuke yi ku teloli dab da Sallah?"

"Sista, me ba ma yi? Goman ƙarshe tela ba ya ganin katifa. A kunna janareto, a dafa shayi mai kauri, a tauna goro, har sahur. Kowa ya kawo yadi sai ka karɓa."

"In ya fi ƙarfinka fa?"

"Sai ka ce gobe."

"Goben tela ni ma na sha ta. Atamfar da na kai ta Kirsimeti, sai Ista na ɗaura."

"Ai ba wurina kika kawo ba."

"Da wurinka na kawo, da me za ka ce?"

"Gobe," in ji shi, suka yi dariya.

A hankali ya fito da alamunsa da kansa, ba ita ta faɗa masa ba. Ya ce da farko sai ya ji keken ɗinkin ya yi masa nawa, kamar ba ya gudu, ya riƙa taka shi da ƙarfi. Sannan ya kama waƙa, shi da ba mai waƙa ba. Wanda ya fi tsoro shi ne ya kwana a zaune, gari ya waye bai ji gajiya ba, sai ma daɗi. Ta ce to wa zai faɗa wa in ya ga haka? Ya ce Sakinatu. Ta ce yayansa fa? Ya ce a'a, Yaya in ya ji wannan maganar tun ranar ɗaya ga azumi zai sa wa shagon kwaɗo. Ta ba shi shawara ya sake tunani, ya ce ya yi. Ta bar shi a kan zaɓinsa. Suka tsayar cewa zai riƙa rufe shago bayan asham ya je ya kwanta. Likita ya mayar masa da lokacin magani bayan buɗa-baki. In alamun suka leƙo kuma, zai taho asibiti ko ba ranarsa ba ce.

Har gwaji sun yi. Sista ta naɗe mayafin wata ma'aikaciya a hammata, ta fita ta yi sallama ta shigo a matsayin mai kawo ɗinki. "Tela, don Allah, kala ɗaya ne, na autana." Muttaka ya miƙa hannu ya karɓa kafin ya tuna. Ta sake fita ta shigo, ya sake karɓa. Kubura da ke goge taga ta ce dariya ta hana ta aiki ranar.

"To," in ji Sista, da ta zauna tana haki, "mun ga a'a ba ta fita daga bakinka. In yadi ya jibgu a shago, abin kuma ya leƙo, ya za ka yi da shi? Shi zai hana ka barci."

"Sai dai in mayar wa masu shi," ya ce, sannan ya girgiza kai. "Ban taɓa jin telan da ya yi haka ba. A wurinmu wanda ya yi ƙarya ya fi wanda ya mayar mutunci."

"Kai ka san sana'arka. Ni dai tambaya na yi."

Azumi ya kama, Muttaka ya riƙe tsarinsa. Hannu ya tsaya, aiki na fita, barci na zuwa. Sai aka shiga goman ƙarshe, masu makara suka fara sallama. 'Yan unguwa ne, wasu tare suka taso, kowa da dalilinsa. Yana karɓa yana ajiyewa. Ana haka sai ga Ladan da ƙulli niƙi-niƙi, fuskarsa cike da fara'a. Shaddar surukinsa ce, Alhaji Mamudu, tasa da ta 'ya'yansa maza. Ladan ya ga ƙaninsa ya samu lafiya, ya ji daɗi, ya je ya cika baki.

"Na faɗa wa Alhaji ka warke sarai, kuma ba tela kamarka a Minna. Kar ka ba ni kunya."

Muttaka ya miƙa hannu ya karɓa.

Asham ta wuce bai rufe shago ba, washegari ma haka. Ran nan da hantsi yana cikin taka keke sai ya ji wani na waƙa. Ya saurara, ashe muryarsa ce. Ya ɗauke ƙafarsa. Ya duba jikinsa, ba gajiya ko kaɗan, alhali ya manta rabonsa da barcin kirki. Ya tashi ya shiga gida.

"Maman Yasmin, abin ya leƙo."

"Na ji ka tun jiya, Baban Yasmin," in ji Sakinatu. "Ina jira ne in ga ko kai za ka ji. Da ba ka shigo ba da na fito."

Suka ware duk yadin da almakashi bai taɓa ba. Ta ninke, ya tare napep. Gida-gida ya bi, ya yi sallama, ya miƙa, ya ba da haƙuri, ya faɗi sunan wani tela mai ma'aikata da yawa da zai iya gamawa kafin Sallah. Idonsa ja, magana na fita da sauri. Wasu suka karɓa suka yi shiru, wasu suka faɗa masa maganar da ba ta da daɗi. A gidan Alhaji Mamudu ya durƙusa ya ajiye ƙullin. Alhaji ko kallonsa bai yi ba, wayarsa ya jawo.

Kafin azahar labari ya cika Sauka Kahuta, wai Muttaka ya sake fitowa da yadin mutane. Ba wanda ya tsaya tambayar wa yake kai wa, ko a yanke ne ko a ninke. Ai tela mai hankali, in ji su, ba zai mayar da ɗinki ana dab da Sallah ba. Ladan ya rufe shagonsa, ya ɗauki igiya, ya kira mutumin da tun bara yake son keken ya ce ya same shi a ƙofar gida. Ya tarar da shagon ɗinki a kulle. Sakinatu ta leƙo ta ce, "Yaya Ladan, yana asibiti. Da ƙafarsa ya tafi."

Kubura ce ta ga shigowar Ladan asibitin, igiya a naɗe cikin leda. Ba Laraba ba ce, benci ba kowa sai Muttaka. Yana zaune ƙafarsa na kaɗawa, Sista a gefensa ta gama waya da likita.

"Kin gani ko, Sista?" in ji Ladan. "Kin ba shi magani a hannu, ga abin da ya biyo baya. Ya tashi."

"Ya leƙo, gaskiya ne. Zauna, Malam Ladan, kana azumi. Ga shi nan, tambaye shi."

Ladan bai zauna ba, bai kuma tambaya ba. Muttaka ne ya fara.

"Yaya, bari in faɗa, kar ka katse ni, in ka katse ni zan bi wata hanyar." Maganar na gudu, amma ba ta kauce ba. "Bara almakashi na sa wa kayan mutane. Bana ko alli ban sa musu ba. Kowa nasa na kai masa har ƙofar gida. Na ji abin yana zuwa, na san shi, ni nake jin sa kafin ku gani. In na zauna da shaddar Alhaji ba zan yi barci ba, in ban yi barci ba ka san sauran."

"Ka san abin da Alhaji ya ce min a waya?"

"Na san ba daɗi."

"Da ka faɗa min tun ranar da na kawo."

"Yaushe na taɓa ce maka a'a, Yaya?"

Ladan ya juya wurin Sista. "Ke ki faɗa min gaskiya. In na bar shi, ba zai sake ba?"

"Ba zan ɗaukar maka wannan alkawarin ba," ta ce. "Ciwo ne mai dawowa, yau ma bai wuce ba tukuna. Likita ya ƙara masa abin da zai sa shi barci. Zai riƙa zuwa kullum da safe in gan shi, in abin ya ƙi sauka a kwantar da shi, kuma ya yarda da bakinsa. Abin da na sani shi ne, duk tashin da ya yi a baya riƙo shi kuke yi ku kawo. Yau ba wanda ya riƙo shi."

Wayar Ladan ta yi ƙara. Mai sayen keke ne, yana ƙofar gida ya gaji da jira. Ladan ya dubi wayar, ya dubi ƙaninsa. Ta katse, ta sake shigowa. Ya ɗauka ya ce, "Malam, ka yi haƙuri ka tafi. A bar maganar nan tukuna." Ya sa wayar a aljihu, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Can sai ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "To waɗanne alamu ne? Ni ma a faɗa min."

Sista ta dubi Muttaka, shi ya faɗa.

Abin bai wuce kamar wasa ba. An ɗauki kwanaki kafin barcinsa ya daidaita, shago kuma a rufe har bayan Sallah. Da tsohon kaftani ya je idi, abokansa teloli suka yi ta tsokanarsa wai ya buɗe sabuwar sana'a ta mayar da kaya. Alhaji Mamudu har yau bai sake kawo ɗinki ba, wasu ma sun bi bayansa. Amma ba a kwantar da Muttaka ba, ba a kai shi ƙauye ba, keken kuma yana nan inda yake.

Kada a ɗauka kowa haka ya yi. Akwai waɗanda aka ba maganinsu a hannu suka daina sha, aka dawo da su a riƙe, Sista ta sake farawa da su daga farko ba tare da gori ba. Akwai gidajen da har yanzu a kunu suke sawa. Amma benci ya canja. Yanzu in ka je ranar Laraba, yawancin masu ciwon su ke riƙe da katinsu, kuma waɗanda suka daɗe sukan zauna da sababbin zuwa kafin layi ya zo kansu, suna faɗa musu yadda suke gane nasu. Wata mai tuyar ƙosai ta ce nata yana farawa ne in ta ji maƙwabta na dariya ta ga kamar da ita suke. Wani manomi ya ce nasa, in ya daina son zuwa coci ya daina wanka. Muttaka na cikin masu zaman nan, kuma an ce ya fi kowa surutu, irin na lafiya.

Ke ce, Sista Rifkatu, 'yar Garatu mai jiran amsa. Ke ce kika iya yin shiru har mutumin da aka daɗe ana magana a madadinsa ya samo bakinsa. Kin yarda kin ba mutane maganinsu a hannu, kina sane cewa in suka zubar ke za a zarga, an kuma zarge ki ba sau ɗaya ba. Dangi sun yi fushi da ke, kin shanye, ba ki taɓa raina gajiyarsu ba, don kin san su suke kwana da ciwon. Ba ki ce wa kowa ya warke ba alhali bai warke ba. Abin da kika yi shi ne kika nuna wa mutum cewa ko da ciwo a jikinsa, yana da abin da zai iya yi wa kansa, sannan kika matsa gefe kika bar shi ya yi.

Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai albarka, ya raya miki zuri'a, ya sa waɗanda za su gaji kujerarki su gaji halinki.

Ku kuma 'yan baya masu fararen kaya, da duk wanda ke da mara lafiya irin wannan a gida, kun dai ji. Aikin nan bai jira sabon gini ba. In an kawo mutum gabanku, shi za ku fara tambaya, ku kuma jira ya amsa. In ya lafa, ku daina ɓoye masa abin da yake sha. In kuka ga ya yi wani abu da ya saɓa wa yadda aka saba, ku tsaya ku ji daga bakinsa kafin ku yanke hukunci, don wataƙila kansa yake karewa.

Azumin da ya wuce ma abin ya sake leƙo wa Muttaka, ya sake mayar da yadi. Wannan karon Ladan ne zaune kusa da shi a napep, ƙullin a cinyarsa. In sun isa ƙofar gida, Ladan ya sauka ya yi sallama, sannan ya matsa gefe Muttaka ya yi bayani.